Umaru Ganda: Ɗan dakon da ya ari sunan Robinson, ya rasu ya bar nasa

 A wannan karon filinmu na tarihin magabata ya leƙa birnin Yamai ne, domin ɗauko muku tarihin wani bawan Allah da sunansa ya fi shi kansa sanuwa a yau. Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Yamai ya ji ana ambaton CCOG, ko a bakin direban taksi, ko a rediyo idan ana sanarwar wani wasa. To, haruffan nan biyu na ƙarshe, O da G, sunan mutum ne, wato Oumarou Ganda, ko Umaru Ganda a rubutunmu na Hausa. Ya yi soja, ya yi dako, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin sana'ar fim a ƙasarmu da ma Afirka baki ɗaya.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa shi ne wata al'ada da muke gani kullum. Nan Anu Araren, inda aikin gawayin ƙasa na kamfanin Sonichar ya tara mutane daga kowace jiha ta Nijar, da wuya ka zauna a fadar samari ana shan shayi ba ka ji an kira wani Messi, ko Ronaldo, ko sunan wani jarumin fim ɗin Indiya ba. Uwa tana zaune gaban kayan miyarta sai ta ji an ƙwala wa ɗanta kira da sunan da ba shi aka raɗa masa ranar da aka yanka rago ba. Wasu iyayen abin na ba su dariya, wasu kuma yana ɓata musu rai. Shi ma Umaru Ganda da sunan aro duniya ta fara saninsa, wato Robinson, sunan da wani shahararren ɗan fim da wani zakaran dambe na Amurka suka yi tarayya a kansa. Yadda aka yi ya ari sunan, da yadda ya ajiye shi ya tsaya ya gina nasa, shi ne labarinmu na yau.

Haihuwarsa da shigarsa soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, kuma Bazabarme ne. A lokacin Yamai ƙaramin gari ne, domin shekara 9 ke nan kacal da Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Damagaram suka kai can, a 1926. Ya yi lakwal ta firamare a garin, amma bai yi nisa da karatu ba. Yana ɗan shekara 16, a 1951, ya shiga sojan Faransa, aka sa shi cikin rundunar da ake turawa gabas mai nisa.

A wancan zamani Faransa na fama da yaƙi a yankin da ake kira Indoshin, wanda ya haɗa ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau. Mutanen can, ƙarƙashin jagorancin Ho Chi Minh, sun ɗauki makamai neman 'yancin kansu tun 1946, ita kuwa Faransa sai ta riƙa kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana kai su bakin daga. Ka ga ke nan talakan da ake mulka aka ɗauka aka kai shi ya yaƙi wani talakan da ke neman fita daga irin wannan mulkin. Umaru ya yi kimanin shekara 2 a can. A watan Mayu na 1954 aka ci sojojin Faransa da yaƙi a wani wuri da ake kira Dien Bien Phu, yaƙin ya zo ƙarshe, a 1955 kuma aka sallami Umaru daga soja yana ɗan shekara 20.

Ya dawo gida da sunan tsohon soja, ya ga teku, ya ga ƙasashe, ya ga mutuwa ido da ido. Sai dai duk wannan bai ba shi aikin yi a Yamai ba. Ya nema har ya gaji.

Dako a Abijan

Abin da samarin yammacin Nijar suka saba yi idan gida ya yi zafi shi ne su nufi kurmi biɗa, wasu Kumasi da Akara, wasu kuma Abijan ta ƙasar Kodibuwa. A shekarun nan Abijan na tashe ƙwarai. An buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har gindin gari, koko da kofi da katako na fita, kayan Turai na shigowa, ana ta neman ƙarti masu ɗauka da saukewa. Umaru ya bi ayari, ya sauka a unguwar Treichville inda baƙi suka fi yawa, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa. Irin aikin nan ne da ake ɗaukar mutum na yini guda, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a kwana da haƙuri. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan rayuwa, tunda kullum suna tare da masu dako, sun san yadda buhu ke cin wuyan mutum.

A nan Allah ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi Rouch ba baƙon Nijar ba ne, tun 1941 ya zo a matsayin injiniyan gina hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogin Kwara yana ɗaukar su a fim. A lokacin yana bincike ne kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani bakin teku, sai ya ɗauki Umaru aikin ƙidaya da yi wa mutane tambayoyi, tunda ya iya karatu da rubutu, yana jin Faransanci, kuma ya san 'yan'uwansa 'yan ci-rani ciki da waje. Ɗan karatun firamaren nan da ake gani kamar ba komai ba, shi ya fara buɗe masa ƙofa.

Su wane ne Robinson?

Samarin Treichville na lokacin ba su da abin ɗebe kewa da ya wuce gidan silima da filin dambe da gidan rawa. Kowa sai ya zaɓi sunan jarumin da ya burge shi ya ɗora wa kansa, ko abokai su laƙaba masa. Wani Tarzan, wani Eddie Constantine, wata budurwa kuma Dorothy Lamour. Shi Umaru aka ce ya yi kama da Edward G. Robinson, sunan ya bi shi. A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu san masu wannan suna, domin akwai abin mamaki a ciki.

Na farko, Edward G. Robinson, ɗan fim ne na Amurka, gajeren mutum mai faɗin fuska, wanda ya yi suna wajen fitowa a matsayin shugaban 'yan daba, musamman tun daga fim ɗin Little Caesar na 1931. Amma shi ma ba sunansa na yanka ba ke nan. An haife shi a birnin Bukarest na ƙasar Rumaniya a 1893 da sunan Emanuel Goldenberg, Bayahude ne, iyayensa suka yi hijira da shi zuwa New York yana yaro ɗan shekara 10. Da ya shiga wasan kwaikwayo sai ya ɗauki Robinson, sunan da ya fi sauƙi a kunnen Amurkawa, ya bar harafin G kawai a tsakiya don tunawa da gidansu. Ya rasu a watan Janairu na 1973.

Na biyu, Sugar Ray Robinson, baƙar fata ne ɗan damben zamani, wanda har yau masana da yawa ke sa shi a sahun farko na duk waɗanda suka taɓa ɗaura safar dambe. An haife shi a 1921 da sunan Walker Smith. Yana yaro ya so ya shiga gasa, shekarunsa ba su kai ba, sai aka aro masa katin wani ɗan dambe mai suna Ray Robinson ya shiga da shi. Daga ranar sunan ya zauna masa har kabari. Ya yi nasara a dambe fiye da 170, ya riƙe kambun duniya na ajin matsakaita nauyi har sau 5, kuma a Faransa an san shi ƙwarai saboda ziyarar da ya riƙa kaiwa Paris da doguwar motarsa Cadillac mai launin hoda. Ya samu kuɗi na fitar hankali, amma kafin ya ajiye dambe a 1965 kusan duk sun tafi. Ya rasu a 1989.

Akwai ma na uku, Jackie Robinson, wanda a 1947 ya zama baƙar fata na farko a wannan zamani da ya shiga babbar gasar ƙwallon gora ta Amurka, bayan shekaru masu yawa ana hana baƙaƙe. Shi kam sunan gidansu ne.

Jama'a ku duba wannan ikon Allah. Ɗan dako daga Yamai ya ari suna a wajen mutum biyu, alhali su ma arowa suka yi, ɗaya don baƙunci, ɗaya don ƙuruciya.

Fim ɗin da ya fito da shi

A 1957 Jean Rouch ya shawarci waɗannan samari da su bari ya bi su da kyamara, su nuna rayuwarsu yadda take, kowa da sunan da aka san shi da shi a unguwa. Daga nan aka samu fim ɗin Moi, un Noir, ma'ana Ni Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958. Umaru ne babban jarumi. Ana ganinsa yana neman aikin yini, yana ɗaukar buhuna, yana zuwa bakin teku ranar hutu, yana son Dorothy Lamour har ya yi faɗa da wani Bature ɗan Italiya ma'aikacin jirgin ruwa a kanta. Abokinsa Tarzan direban taksi ne kuma ɗan dambe. Shi kuwa Eddie Constantine ya ƙare a gidan kaso saboda rigima da ɗan sanda.

A cikin fim ɗin ne Umaru ya haɗa Robinson ɗin nan biyu ya yi suna guda da su, inda ake nuna shi yana mafarkin ya zama zakaran damben duniya kamar Sugar Ray. Mafarkin bai zo daga sama ba. A watan Mayu na 1957 Sugar Ray ya sake karɓo kambunsa, a watan Yuni na shekarar kuma wani ɗan Najeriya, Hogan Bassey, ya zama zakaran duniya na ajin marasa nauyi a birnin Paris. Saboda haka duk saurayin Afirka mai ƙarfi a jika na ganin ƙila dambe ne zai fid da shi daga talauci, kamar dai yadda yaranmu ke kallon ƙwallon ƙafa a yau.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, kyamarar da aka yi aikin da ita ba ta ɗaukar murya. Sai bayan an gama aka zaunar da Umaru yana kallon hotunan yana magana a kansu daga kansa, ba tare da an rubuta masa ba. Wannan muryar tasa, mai barkwanci da takaici a haɗe, ita ce ran fim ɗin. A ƙarshensa ana ganinsa yana tafe a bakin ruwa da wani ƙaramin abokinsa, yana ba shi labarin yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon yadda ake harbi da yadda ake mutuwa.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yabe shi sun kuma ɗauki darasi daga gare shi. Sai dai yabon ya fi tafiya wajen Rouch, su kuma 'yan kallo Robinson suka riƙe. A hirarrakin da aka yi da shi daga baya, Umaru bai ɓoye ba cewa akwai abubuwan da bai gamsu da su ba game da yadda aka nuna rayuwarsa. Mu a ganinmu abin a fili yake. Shi ya kawo rayuwarsa da muryarsa, amma kyamara da almakashi na hannun wani. Duk 'yar kasuwar da ta taɓa ba dillali kayanta ta ga inda riba ta tsaya, ta san irin wannan zafin.

Komawa gida

Bayan 'yan shekaru Umaru ya tattara ya koma Yamai. Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda a yau ke ɗauke da sunan Mustafa Alasan, an kafa wata ƙungiya ta masu sha'awar silima inda ake koya wa matasa riƙon kyamara da haɗa hoto. Umaru ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikatan fasaha. Mutumin da aka tafa wa a Paris ya koma ɗan koyo yana ɗaukar wa wasu kaya. Bai ga wannan a matsayin faɗuwa ba, domin ya san abin da ya zo nema.

A wannan lokaci Mustafa Alasan ya riga ya fara fitar da finafinai, kuma a 1966 ya yi wani mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka addabi ƙauyensu. Ashe ke nan maganar sunan aro ta daɗe tana damun masu tunani a ƙasar nan.

A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Umaru ya zauna ya rubuta abin da ya fi sani, wato labarin tsohon soja.

Cabascabo

Fim ɗinsa na farko shi ne Cabascabo, mai tsawon minti 45, baƙi da fari, kuma da Zabarmanci aka yi shi. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indoshin da 'yan kuɗinsa, gari ya ɗauka, abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, yana ba da labarin yaƙi yana rabon kuɗi. Da aljihu ya bushe sai kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman kai da raini suka hana shi zama, a ƙarshe ya saɓa kayan aiki ya nufi karkara neman na kansa da guminsa. Zalika Sule, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta riƙi fitowa a fim sana'a a Nijar, ta fito tare da shi.

Iyayenmu mata, wannan labari ba sai an fassara muku shi ba. Mu da ke jihar Agadas muna ganin masu wucewa zuwa Libiya da Aljeriya, muna ganin waɗanda suka dawo daga wuraren haƙar zinariya na Jado. Wani zai dawo da abin da zai isa jarin shago, kafin wata 3 ya ƙare a shayi da sabuwar waya da abokan cin mushe. Abin da ya ci dukiyar Sugar Ray Robinson a Amurka shi ya ci ta Cabascabo a Yamai.

A 1969 aka zaɓi fim ɗin aka nuna shi a makon masu sharhi na bikin finafinai na Cannes a Faransa, ya kuma samu kyauta a bikin Mosko na wannan shekarar. A wannan karon sunan da aka rubuta a matsayin mai fim shi ne Oumarou Ganda.

Wa'azin mai mata da yawa

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakinmu. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ana girmama shi, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata budurwa da aka riga aka yi wa alkawari da wani saurayi. Dukiya ta yi aikinta, iyaye suka ba shi, yarinya ba ta so. Matarsa ta biyu, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, kishi ya rufe mata ido ta ƙudura kashe amarya, sai kuskure ya sa ta hallaka ɗaya daga cikin ƙawayen amaryar. Ita kuma amarya ta gudu birni ta faɗa zaman kanta. Gida ya watse, ba wanda ya ci riba.

Wanda ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga inda Umaru ya sa yatsa, wato kan mai fakewa da rawani da carbi don biyan bukatar ransa, da iyayen da ke mai da 'yarsu haja. Ita Zalika ta sha zagi a gari saboda irin waɗannan matsayi da take fitowa a ciki, domin mutane da yawa a lokacin ba su raba wasa da gaskiya. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta.

A 1972, a birnin Wagadugu na ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin, Burkina Faso ta yau, bikin finafinan Afirka na FESPACO ya fara ba da babbar kyautarsa, wato Ingarman Yennenga. Wanda ya fara ɗaukarta a tarihi shi ne Umaru Ganda, da wannan fim. Shekara 15 ke nan tsakanin buhunan tashar Abijan da wannan rana. Kuma daga 1972 har zuwa bikin 2025, ba wani ɗan Nijar da ya sake ɗauko wannan babbar kyauta ta dogon fim.

Shaiɗan da maganar alkawari

Bayan wannan ya fitar da Saïtane, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. A nan ma bai ji tsoron taɓa masu cin abinci da jahilcin mutane ba. Ya kuma yi finafinan da ke nuna al'adu da rayuwar jama'a yadda take.

Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne L'Exilé, wato wanda ya bar ƙasarsa, a 1980. Daga tatsuniya ya ɗauko shi. Wani sarki ne ya ji wasu samari biyu 'yan'uwan juna suna cewa in dai za a ba su 'ya'yan sarki aure, sun yarda a sare kawunansu. Sarki ya ɗaura musu aure, da wa'adi ya cika ya nemi su cika maganarsu. Ɗaya ya ba da wuyansa, ɗaya ya gudu, ya yi yawon duniya har ya samu sarauta a wata ƙasa, amma a ƙarshe maganar alkawari ta sake tarar da shi, ya ba da ransa. Abin da fim ɗin ke tambaya shi ne nawa ne kuɗin maganar da ta fito daga bakin mutum. 'Yan kasuwarmu da ke karɓar kaya bashi daga Kano ko Maraɗi ba tare da takarda ba, sai don an san sunansu da na iyayensu, su ne za su fi kowa gane wannan tambaya.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ranar 1 ga Janairu 1981, Allah ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a Yamai sakamakon ciwon zuciya, yana ɗan shekara 45, yana tsakiyar wani sabon aiki. Hukumomi suka sa wa babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa. FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba wanda ya fi kowa a cikin masu fitar da dogon fim na farko. Kwaw Ansah na Gana ya karɓe ta a 1981, Newton Aduaka na Najeriya ya karɓe ta a 2001, kafin ya zo ya ɗauki Ingarman Yennenga kansa a 2007. Shi kuwa Jean Rouch ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai, garin yaron da ya tsinta a tashar jiragen ruwa.

Sunan Umaru kuwa bai rasa masu ɗaga shi ba a fagen wasa da fasaha. Akwai Umaru Ladan da ya fito a fim ɗin Shaihu Umar na 1976 a Najeriya. Akwai Cheick Oumar Sissoko na Mali da ya ci Ingarman Yennenga a 1995. A filin kokowa akwai Umaru Bindigau na Maraɗi da ya ɗauki takobi. A ƙwallon ƙafa akwai Umar Sadiq ɗan Kaduna, wanda ya ci ƙwallo 2 a wasan da ya ba Najeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Nan jiharmu ma akwai Omara Moctar mai kaɗa jita, wanda duniya ta sani da laƙabin Bombino. Kowannensu da sana'ar da ya tsaya ya koya aka san shi.

Don haka, iyaye, idan kun ji an kira yaronku da sunan wani ɗan ƙwallo, kada ku tsaya faɗa kan sunan kawai. Ku tambaye shi me yake koyo, wa yake bi, ina kuɗin da ya samo suke shiga. Umaru ya yi shekaru ana ce masa Robinson, amma da ya dawo gida bai ji kunyar zama ɗan koyo ba, kuma da harshen uwarsa da labarin unguwarsu ya ci kyautar da ta fi kowace girma a Afirka.

Kiranmu na ƙarshe ga hukumomin al'adu da gidajen talabijin na ƙasa ne. Yawancin gidajen silima na da sun rufe, kuma matasanmu da dama sun haddace jaruman Indiya da na Kano amma ba su taɓa ganin Cabascabo ko sau ɗaya ba. Ya kamata a nemo waɗannan finafinai, a sa musu Hausa da Tamajak da sauran harsunanmu, a nuna su a makarantu da gidajen matasa, daga Yamai har Cirozerin da Arlit.

Allah ya jiƙan Umaru Ganda, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa mu ma mu bar suna mai kyau a bayanmu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun sake saduwa a wannan fili.